Hatimi a Kife

Manila, 9 ga Maris

Yaya Kikue,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardata ta same ki lafiya, ke da gwiwar nan taki da ba ta ga-maciji da sanyi. Dusar ƙanƙara ta narke a Toyama kuwa, ko har yanzu kina hawa tsani kina kwashe ta daga rufi da kanki? Shekarunki sittin da takwas, Yaya, ki ji tsoron tsanin nan. Busasshen kifin da kika aiko ya iso, na ɓoye rabi a ɗakina don kada baƙin maigidan su cinye.

Kin ce in ba ki labarin Shugaba. Yana nan garau, har teɓa ya ajiye. Shekara uku ke nan mijina Yasuhiro yana riƙe da bankin raya ƙasashen yankin nan, kuma a jawabinsa na makon jiya sau goma sha huɗu ya ambaci talaka. Da muka fito sai ya ce wa direba ya sake hanya, wai warin bukkokin bakin kogi yana shigowa mota. Gangar jikinsa ce kawai a Manila. Akwai wata babbar kujera da mai ita zai sauka a Tokyo baɗi. Ba ya kiran sunanta, amma in aka bugo waya daga can, a tsaye yake amsawa, har da rusunawa.

Ba don wannan na ɗauki alƙalami ba. Ke da kika ƙare rayuwarki a shagon tofu, wato awarar waken suya, na gidanmu na Sawada, ba ki san yadda takarda take yawo a Ma'aikatar Kuɗi ba, bari in gaya miki. Daga ƙasa take tasowa, kowa ya buga ɗan hatiminsa da jar tawada, har ta isa wurin babba. Wanda bai gamsu ba, kuma ba ya son a ce shi ya tsayar da ita, sai ya buga nasa a kife. Takarda ta wuce. In an yi nasara, da shi aka yi. In ta ɓaci, ya ce ku duba da kyau, ni ban yarda ba. Wasu sau ɗaya suke yi a rayuwarsu, abin ya yi ta cin ransu. Mijina da wannan ya hau, tun daga ƙaramin tebur har inda yake yau.

Kin tuna Onodera, mai yawan dariyar nan da ya taya mu kwasar kaya ranar da muka tashi daga gidajen ma'aikata? Shekara goma sha takwas ke nan. Wata Lahadi ya kawo takarda gida, na ga Yasuhiro ya duba kan hatimin, ya murza shi da babban yatsa, ya buga a kife. Da abu ya fashe, Onodera ne ya sunkuya gaban 'yan jarida ya ɗauki laifin. Bayan wata huɗu aka tsinci takalmansa a jere a bakin tashar jiragen ruwa, kamar yadda mai shirin kashe kansa yake barin su. Matarsa har yau tana aiko mana katin sabuwar shekara, ni ce kuma nake amsawa.

To, jiya ma Lahadi ce. Shunsuke ya zo da takarda muna karin kumallo. Kin san Yasuhiro da kansa ya zaɓo shi cikin samarin ma'aikata ya aura masa 'yarmu Ayano, ya kuma taho da shi nan ya zama mataimakinsa. Maganar wata katangar tare ambaliya ce da bankin ya gina a wata ƙasa. An yi gidaje a bayanta, ana so a kwashe mutanen ƙauye uku a zuba a ciki kafin babban taron watan Mayu, don Shugaba ya je ya yanke ƙyalle. Injiniyar aikin, wata 'yar ƙasar nan mai suna Luz Dimayuga, ta rubuta cewa ƙasar wurin ba ta gama zama ba, a bari damina ɗaya ta wuce. A bankin sa hannu ake yi, ba su san hatimi ba. Amma shi bai saki al'adarsa ba tsakaninsa da Japanawan ofishinsa: a maƙalo 'yar takarda a sama, ya buga, ya cire ta ya adana a aljihun teburinsa.

Ina tsaye da butar shayi. Ya karanta rahoton Luz har ƙarshe. Ya duba kan hatimin, ya murza, sannan ya cire tabarau ya ajiye gefen kwano, ya buga.

Shunsuke ya leƙa ya ce, "Baba, a kife fa ya fito."

"Af, ka ga tsufa ko? Ba tabarau. Rabu da shi, aiki ya tafi. Gobe ka sa hannu a madadina, ni ina da tafiya."

Tun ranar Alhamis ya sa na haɗa masa akwatin wannan tafiyar. Kin san abin da na yi? Na ƙara wa Shunsuke shayi, na tambaye shi yadda laulayin Ayano yake. E, ciki ne da ita wata biyu, da ma shi ne albishir ɗin da na so in fara da shi.

Ki gaishe min da ma'aikatan shago. Ki rubuto min, ko da zagi ne.

Ƙanwarki,
Tokunaga Michiyo


Manila, 21 ga Agusta

Yayata,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta shago a wannan zafin. Na gode da kika je kabarin su Baba kika share kika sa fure har da nawa rabon. Amsarki ta zo tun Afrilu, kin ce in je in gaya wa Shunsuke gaskiya. Ban je ba. Sau biyu na kira shi a waya, sau biyu na ɓuge da tambayarsa ko Ayano tana iya cin kifi.

Katangar ta karye ranar shida ga wata, da rana tsaka, bayan ruwan kwana huɗu. Mutum ashirin da uku, tara daga ciki yara. A talabijin na ga sababbin gidajen, fentin ma bai dushe ba, ruwa ya kai tagogi.

Da aka bugo masa waya, tambayarsa ta farko ita ce, "Jaridun Tokyo sun ɗauka?" Ya sa na fito da baƙaƙen kayansa, ya tsaya gaban madubin ɗakina yana gwada sunkuyawa. Ya ce, "Michiyo, duba min agogo. Daƙiƙa biyar ta yi, ko sai a ce na amsa laifi?" A kan uku ya tsaya, wai uku ta'aziyya ce kawai. Da rana ya ci gasasshen kifi da shinkafa kwano biyu, ya zauna yana sakace. Shekara talatin da huɗu ina kallon bakin nan yana tauna, ban taɓa jin ƙyamarsa kamar ranar ba.

Ranar Asabar ya kira Shunsuke gida. Ko ƙofar falo bai rufe ba, don a wurinsa ni da tukunyar fure duk ɗaya ne. Ya ajiye 'yar takardar nan a kan tebur.

"Kai ɗan ma'aikata ne, ka san ma'anar hatimi a kife. Na ɗauka ka gane."

"Baba, ai na yi magana ranar."

"Magana? Abin da ido ya gani ai ba ya son tambaya. Ka yi gaggawa, ƙuruciya ce, kowa ya taɓa yi. An kafa kwamitin bincike. Ka amsa, ka ajiye aiki, shekara biyu in ƙura ta lafa in samo maka wuri. Ba zan bar mijin 'yata a titi ba."

Kalmomin da ya gaya wa Onodera ke nan, in ban da maganar 'ya. Shi kuwa Shunsuke sai ya dafa gwiwoyinsa ya sunkuyar da kai ya ce, "Na jawo wa Baba damuwa, a gafarce ni." Haka aka raine su a ma'aikatar can, a taka su su ba da haƙuri.

Shekaranjiya Ayano ta zo da cikinta wata bakwai, ƙafafu a kumbure. Ta ce ya daina cin abinci. Ya rubuta sunayen mutum ashirin da ukun nan a takarda yana yawo da ita a aljihu. Ta ce, "Mama, jiya na dawo daga asibiti na same shi a baranda. Hawa na goma sha ɗaya muke. Ya cire takalman ɗaki ya jera su a bakin ƙofa. Wai iska yake sha." Sai ta kama hannuna. "Ya ce kina wurin ranar da aka buga hatimin. Kina wurin, ko?"

Na ce mata ina kicin.

Ki ga irin ƙanwar da kike da ita. Na daɗe ina tir da mutumin nan a raina, ina ganin ni tsarkakakkiya ce don ban taɓa riƙe hatimin ba. Ashe nawa hatimin nake bugawa a kife duk shekarun nan: ban yarda ba, amma ban hana ba, na zuba shayi na hau motar ofis. Yanzu ko madubin da ya yi gwaji a gabansa ba na son kallo.

Ki kula da kanki. Kada ki gaya wa kowa a gida.

Taki,
Tokunaga Michiyo


Manila, 13 ga Satumba

Yaya Kikue,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin, yaya hidima? Katinki mai layi ɗaya ya zo. "Jikarki za ta tambayi ubanta." Ba ki taɓa iya lallashi ba, na kuma gode.

Kwamitin mutum uku ne, babbansu wani tsohon alƙali ɗan Pakistan. Yasuhiro ya shiga da 'yar takardarsa yana taƙama, don a Tokyo da ya ajiye ta magana ta ƙare. Abin da ya manta shi ne nan ba Tokyo ba ce. Shi da bakinsa ya ba ni labari, yana zirga-zirga a falo yana huci. Wai alƙalin ya ɗauki takardar, ya juya ta nan, ya juya ta can, ya ce, "Ina ne saman?" Da aka nuna masa sai ya ce, "To. Wato ka karanta rahoton injiniyar ke nan, tunda ga tambarinka. In ba ka yarda ba, me ya hana ka ce a'a?"

Yasuhiro ya ce min, "Mutane ba su san kawaici ba. Komai sai an faɗa musu da baki kamar 'yan kasuwar kifi."

Amma washegari Shunsuke ya shiga ya fid da shi. Ya ce a al'adarmu wannan ƙin yarda ne ƙarara, shi ne ya gani ya yi gaban kansa. Tunda mai laifi ya amsa, kwamitin ya fara shirin rubuta sunansa.

Ranar Talata Luz ta zo gidan, maigidan yana ofis. Ban taɓa ganinta ba. Gajeruwa ce, ga furfura, ta riƙo mangwaro a leda kamar mai zuwa dubiya. Ta ce, "Madam, ni an mayar da ni ɗakin ajiye tsofaffin takardu, bai dame ni ba, akwai sanyi. Amma surukinki ko ƙaryar bai iya ba. Yana magana kunnuwansa suna ja. Wani ne ya ɗora masa kayan nan."

Na ce mata mu matan gida ba ma shiga maganar ofis.

Ta ce, "Ruwan ma da ya zo bai tambayi waye ɗan ofis ba." Ta ajiye mangwaron ta tafi.

Ranar Alhamis na sa kimonon Inna, rigar gargajiyar nan mai ruwan toka, na ɗauki tasi, ban hau motarsa ba. An samo min tafinta, don Turancina bai wuce na gaisuwa da yaba abinci ba. Na faɗa duka: yadda ya duba kan hatimin, yadda ya murza, yadda ya cire tabarau bayan ya murza ba kafin ba, tambayar Shunsuke, amsar da ya ba shi, da akwatin da na haɗa kwana huɗu kafin ranar sa hannu. Alƙalin ya tambaye ni ko na san abin da maganata za ta jawo wa mijina. Na ce masa na sani, na daɗe da sanin abubuwa da yawa, faɗa ce dai ban saba ba.

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Bai yi tsawa ba, kin san shi. Ya ce, "Wa ya sa ki?" Na ce babu. Ya ce, "Kin san mutum nawa suka yi shekaru suna gyara min hanyar kujerar can?" Bai tambayi Ayano ba, bai tambayi Shunsuke ba. Can ya nisa ya ce, "Akwai abinci?" Na nuna masa hanyar kicin, ina jin ranar ya fara sanin inda yake.

Jiya na je gidan su Ayano na dama kunun shinkafa. Shunsuke ya ƙi kallona. Ya ce, "Mama, da ba ki yi ba. Yanzu da wane ido zan kalli Baba?" Na ce da wanda zai kalli 'yarsa da shi. Ya yi kuka kamar yaro, sannan ya sha kwano ɗaya, ya miƙo a ƙara masa. Ayano ta sa an kulle ƙofar barandar, makullin yana jakata.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Tokunaga Michiyo


Tokyo, 17 ga Nuwamba

Yaya,

Ina gaishe ki da sanyin da ya fara shigowa, da fatan kin fito da barguna, gwiwa kuma ta yi sauƙi. Ayano ta sauka lafiya watan jiya, mace, mai kumatun gidan Sawada. Uban ne yake mata wanka, a hankali kamar mai wanke ƙwai.

Kwamiti ya wanke sunansa, amma ma'aikata ba ta yafe wa wanda surukarsa ta yi magana. Ya ajiye aiki, zai koyar a wata ƙaramar jami'a a arewa. Ya rame, ba ya dariya sosai, takardar sunayen nan tana aljihunsa har yanzu. Amma yana raye, yana cin abinci.

Shi kuwa Shugaba ya sauka ne "saboda rashin lafiya". An yi masa liyafar bankwana, an ba shi furanni, an rataye hotonsa a jerin magabata. A jawabinsa ya ambaci talaka, bai ambaci mutum ashirin da uku ba. Babbar kujera ta tafi, amma abokansa ba su bar shi ƙasa ba: wani kamfani ya ɗauke shi mai ba da shawara, da mota da direba da ofis mai kallon lambu. Irinsu ko sun faɗo, a kan katifa suke faɗowa.

Da muka dawo na je gidan matar Onodera. Na durƙusa na gaya mata abin da na gani shekara goma sha takwas da suka wuce. Ta ci gaba da ɓare lemo, ta ce, "Na sani tun lokacin, ya gaya min. Kin ɗauka don zumunci nake aiko muku katin? Don ku riƙa ganin sunansa ne sau ɗaya a shekara." Ta miƙo min rabin lemon. Da na fito da takardar rabuwar aure na ce ina neman shaidu biyu, sai ta tashi ta ɗauko hatiminta. Ayano ce ta biyu.

Ranar Lahadi da safe na ajiye masa ita gefen kwanonsa, na riga na buga nawa. Ya karanta har ƙarshe, kamar yadda yake karanta kowace takarda.

"A shekarunmu? Me mutane za su ce?"

"Su faɗi abin da suka ga dama."

"Wa zai riƙa karɓar baƙi?"

Ya tashi ya ɗauko hatimin. Yaya, ina tsaye a kansa, ido cikin ido, ya duba kan, ya murza da babban yatsa, ya buga. Ko tabaraun bai damu ya cire ba. Hali zanen dutse. Na san gobe zai ce wa abokansa shi bai taɓa yarda ba, ni ce na yi gaban kaina, kuma ga shaida.

Jiya Litinin na kai ta ofishin unguwa. Ma'aikaciyar ta bi layi-layi da yatsa, ta tsaya.

"Mama, na maigidan a kife ya fito."

Na ce, "Zai hana ne?"

"A'a, hatimi ai hatimi ne. Wanda ya buga ya yarda ke nan." Ta ɗauki na ofis ta buga a miƙe, ta kira mai lamba ta gaba.

Na ajiye sunansa na Tokunaga, na koma na gidanmu. Ina tafe ranar Asabar a jirgin rana. Akwati ɗaya ne da ni. Ki shanya min katifar ɗakin baya, ki kuma ajiye min aikin jiƙa wake, hannuna bai manta ba. Tsanin kuma daga bana ni zan riƙa hawa.

Ƙanwarki,
Sawada Michiyo